A dawo mana da walimar makaranta cikin gari

Ni dai wannan sabon yayin na kwasar yara a kai su gidan abinci a bakin dam ranar bikin makaranta ban yarda da shi ba, kuma zan faɗi dalilina ko da 'yan kwamiti za su ji haushina, don ai sahu ɗaya muke tsayawa da su kullum a masallaci, ba wani ɓoye-ɓoye a tsakaninmu. Wajen yana da kyau, kifin ma da daɗi, duk na yarda. Abin da ya tsaya min a rai shi ne a ɗauki walimar da ta kasance ta kowa da kowa a gari a maida ita ta wanda ya iya biyan kuɗin mota da kuɗin faranti.

Garinmu a yankin Tiga yake, tafiya kaɗan ce a mota ka isa bakin ruwa. Makarantar ta al'umma ce, boko da safe islamiyya da yamma, kuma tun kafin a sa ni aji ɗaya ake yin bikin shekara a cikinta. Dattawan da suka kafa ta ba su sa bikin a ƙarshen zango na uku ba kamar yadda makarantun birni suke yi, saboda lokacin tsakiyar damina ne, rumbu yai ƙasa, kowa yana gona, wani gidan ma sai an ranto ake ɗora tukunya. Sai suka kai shi bayan kaka, an gama girbi an yi sussuka an kai amfani gida, sanyi ya fara shigowa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa mutanen nan sun san garinsu, sun zaɓi lokacin da ko talakan talak yake da abin da zai miƙa.

Kuma yadda ake tara kayan walimar shi ne abin da nake so mutane su tsaya su duba da kyau. Ba a taɓa yanka wa kowa kuɗi ba. Mai shinkafa ya aiko da tiya biyu ko uku, mai masara ya kawo a kai inji a ɓarzo ta dambu, masu lambu su kawo albasa da attaruhu da tumatir, Fulanin da ke bayan gari su kawo nono a ƙwarya, mahauta su ba da ƙashi da kayan ciki, in an yi sa'a wani Alhajin ya ba da akuya ko ɗan maraƙi. Wanda ba shi da ko ɗaya ya shiga daji ya yo itace ko ya ɗauko karan dawa daga gonarsa, samari su kafa rumfuna su ɗebo bencina, 'yan mata su cika randuna da durom. Matar da mijinta ya rasu ta bar wa makaranta aron babbar tukunyarta, ta zo da muciyarta da kanta. To ka ga a wannan tsarin babu gidan da za a ce bai sa hannu ba, shi ya sa in an zo ci babu yaron da yake sunkuyar da kai, kowa abincin gidansu yake ci. Gidan abinci kuwa ba ya karɓar tiyar masara, ba ya karɓar dammin itace, ba ya karɓar ƙarfin hannu. Kuɗi kawai ya sani, ko tiransfa, kuma ba laifinsa ba ne, sana'arsa kenan. Amma mu manomi ne da yawanmu, abin da muke da shi a kaka hatsi ne, kuma duk wanda ya fitar da hatsi kasuwa a lokacin da kowa yake fitarwa ya san a araha zai rabu da shi.

Ranar bikin kanta, tun asuba hayaƙi ke tashi a bayan ajujuwa. Wata gwaggonmu ce take riƙe da makullin sito shekara da shekaru, ita take auna mai da gishiri da magi, ba wadda ta isa ta ɗibi ko cokali ba da saninta ba. Kafin hantsi an jera tandar waina, ga dafa-duka a manyan tukwane, ga dambu da zogale, ga zoɓo da kunun zaƙi a robobi. A fili kuma ana ta tilawa, ana muhawara, 'yan aji shida su yi wasan kwaikwayo, a yi tseren buhu, waɗanda suka sauke Alƙur'ani su fito da allunansu masu zayyana liman ya biya musu, dagaci ya miƙa kyauta ga wanda ya zo na ɗaya. In an idar da azahar sai a baje tabarmi. Almajirai su ci, makafi su ci, mai tallan rake da ya zo kasuwancinsa ya ci, direban da motarsa ta lalace a bakin titi ma a kira shi a zuba masa. Tsofaffin da ba sa iya fitowa a aika musu a kwano har ɗaki.

Bana sai aka canza. Wani ƙaninmu ne cikin tsofaffin ɗalibai, yana aiki a birni, yaron kirki ne wallahi kuma ya yi wa makarantar nan abin da ba kowa ya yi ba, shi ya kawo shawarar cewa a yi taro a makaranta da safe kamar kullum, amma cin abincin a tafi wani gidan abinci da aka buɗe a bakin ruwa. Kowane yaro naira 6,000, mota da abinci da lemo. Kwamiti ya amince a zama ɗaya, takarda kawai muka gani a jakar yara. Da na tare shi da maganar sai ya ce min, Yaya, ai tafiya mabuɗin ilimi, yaran nan har su gama firamare ba su taɓa zama a tebur an kawo musu abinci da cokali mai yatsu ba, 'yan birni suna ganin duniya mu kuma kullum bayan aji da hayaƙi. Na fahimce shi sarai, kuma na san da zuciya ɗaya ya faɗa.

Amma a yi lissafi mana. Gida mai yara biyar a makarantar, kuma irin waɗannan gidajen sun fi yawa a garinmu, naira 30,000 kenan a wuni ɗaya. Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, wato kusan rabin albashin wata na ƙaramin ma'aikaci, balle wanda ba shi da albashin ma. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi bai sauko ba, kusan rabin kuɗin nan a hayar bas ya tafi, ba a cikin yara ba. Uba ya rasa yadda zai yi, ya biya wa biyu ya bar uku? Wa zai bari? Wasu sun zaɓi babba, wasu sun zaɓi maza suka bar mata, wasu suka ce to kowa ya haƙura, kuma wallahi ban ga laifin kowa a cikinsu ba.

Ni na biya wa nawa, kuma na bi su a matsayin ɗaya daga cikin iyayen da za su sa ido. Da aka gama raba kyaututtuka sai wani malami ya ɗauko takarda ya fara kiran sunan waɗanda suka biya, suna fita layi suna shiga bas. Waɗanda suka tafi ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran suna tsaye a jikin katanga, yunifom a wanke an goge da dutsen guga na gawayi, wasu da sabon silifas da aka saya musu don ranar, suna kallon mu har motar ta fita daga ƙofa. Yaron da ya fi kowa iya tilawa da safen nan, wanda har liman ya share hawaye, yana cikin na jikin katangar, da kyautarsa ta littafi da biro a hannu. Gwaggo kuma tana zaune a ƙofar sito, da na durƙusa na gaishe ta cewa kawai ta yi, ɗan nan, bana ba za a ɗora ba kenan? Na ce Gwaggo haka kwamiti ya tsara. Ta ce to Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ku kula da 'ya'yan mutane.

Wajen kam ba ƙarya, ya yi kyau. Rumfunan bunu ne a jere har bakin ruwa, da kujerun roba, janareta na aiki, iska mai sanyi tana bugowa daga ruwan, hazo ya rufe ɗaya gaɓar ba ka ganin ƙarshensa, can nesa masunta a kwale-kwale suna jan koma, balbelu suna bin gefe. Tarwaɗa tana nan da ranta a cikin baho, ka nuna wadda kake so a fiddo a gyara a gabanka, a shafe ta da yaji da albasa da citta a naɗe a ɗora kan garwashi, a kawo maka da kabeji da soyayyen dankali. Yara kuma karfasa aka soya musu da shinkafa. Na ci, ya yi daɗi, yaran ma sun yi murna, wasu ranar suka fara ganin ruwan da ya fi kududdufin bayan gari. Sai dai ina cikin ci na ga 'yata ta raba kifinta biyu tana tura rabi a leda tana ɓoyewa a hijabi. Na ce ke lafiya? Ta ce Baba ƙawata zan kai wa, ita ba a biya mata ba, kuma benci ɗaya muke zama. Yarinya 'yar aji huɗu ta gane abin da ya shige wa kwamiti duhu. Hausawa ai sun gama magana da suka ce ci naka in ci nawa ba rowa ba ne, mugun zama ne.

Za a ce ai an ɗauki nauyin marayu, gaskiya ne, ƙanin namu shi ya biya wa wasu daga aljihunsa, Allah ya saka masa da alheri. Amma yadda akai shi ne sai da aka kira su daban a gaban jama'a, marayu su fito nan, aka ɗauke su hoto sannan suka shiga mota. A tsohuwar walimar ba wanda yake sanin maraya daga mai uba, tire ɗaya suke sa hannu. Sannan ɗan talakan da ubansa yake raye amma ba shi da dubu shida fa, shi wane layi zai shiga?

Akwai kuma waɗanda aka manta da su gaba ɗaya, iyaye mata. A garinmu mata da yawa ba sa fita sai da dalili, biki ko suna ko asibiti ko ta'aziyya, amma bikin makaranta ba maigidan da yake hana matarsa zuwa, don cikin gari ne, kuma ɓangaren mata daban yake. Ranar ce uwa take ganin ɗanta ya riƙe lasifika yana karatu, ta rangaɗa guɗa, ta liƙa masa 'yar naira hamsin ɗinta. Bakin dam kuwa, wajen shaƙatawa da baƙin maza daga ko'ina, ko mace ɗaya daga cikin iyayen ba ta je ba in ka cire malamai mata. Masu goyon bayan sabon tsarin suna cewa ai an hutar da mata ne, aikin girkin nan wahala ce, tun daren jajibere ba sa barci, hayaƙi ya cika musu ido. Wannan magana ce mai nauyi kuma ban raina ta ba, shi ya sa na tambayi mai ɗakina. Ta ce Malam wahala kam akwai ta, har ciwon baya nake kwana biyu, amma ranar nan ce kaɗai nake haɗuwa da 'yan ajinmu da aka aurar ƙauyuka, a bakin murhun nan muke hirar shekara guda, in ana son a hutar da mu maza su karɓi faskare da ɗiban ruwa da wanke tukwane, ba a ɗauke mana bikin ba. Ina ganin ba wanda ya tambaye su kafin a yanke hukunci, kwamitin ma duk maza ne.

Sauran hujjojin ba sa buƙatar doguwar magana. Ana cewa rububi yana yawa wajen rabo, e yana yi, maganinsa a raba aji-aji kowane malami ya tsaya kan nasa. Ana cewa tsafta, to makarantar tana da rijiyar burtsatse, a sa buta da sabulu a ƙofar kowace rumfa, a rufe abinci, shi kenan.

Inda nake tare da su ɗari bisa ɗari shi ne yaranmu su san ruwan nan. Abin kunya ne yaro ya tashi a gindin Tiga bai san komai a kansa ba sai suna. Dam ɗin nan a zamanin gwamna Audu Bako aka gina shi, daga 1971 zuwa 1974, aka tare Kogin Kano, aka tashi ƙauyuka da gonaki da maƙabartu, akwai tsofaffi a yankin nan har yau da za su nuna maka saitin inda gidansu yake a ƙarƙashin ruwa. Daga nan ruwan yake bin kanal ya shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, shinkafar da muke ci da tumatirin da ake lodawa a Kwanar Gafan zuwa kudu duk albarkarsa ce. Wanda ya wuce ya haɗu da na Challawa, wanda shi ma aka tare shi a Ƙaraye a 1992, ya bi ta Wudil ya shiga Jigawa ta Ringim har Haɗeja, inda mutanen can suke fama da kachalla da ta toshe hanyoyin ruwa da ambaliya in damina ta yi ƙarfi. Ga Bagauda nan kusa, dam ɗinta ya ɓalle a 1988, otal ɗin da ke bakinta da manya suke zuwa hutu yanzu makarantar horar da lauyoyi ce. Mu 'yan yankin nan mun daɗe muna hangen wuraren hutawa na bakin ruwa daga nesa, na baƙi ne da masu hali, don haka na san daga inda wannan sha'awar take fitowa, mutum yana so a ce yau ɗansa ma ya zauna a wajen. Ba abin zargi ba ne.

To amma ranar da muka je, cikin duk wannan me aka gaya wa yaran? Ko kalma ɗaya. Ba wanda ya nuna musu bangon dam ɗin, ba wanda ya kai su inda ake sakin ruwa, ba a kira masunci ko ɗaya ya nuna musu bambancin tarwaɗa da ƙurungu da ragon ruwa ba alhali ga su nan a gabanmu. An ci an sha an yi hotuna, manya sun fi yara yawan hoton ma, kafin mu iso gida duk sun cika sitatus a WhatsApp. In ilimi ake nema, a ware rana daban a cikin zango, a ɗauki aji guda gaba ɗayansa ba a bar kowa ba, a nemi izini wajen hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are su ba da ma'aikacin da zai zagaya da su yai musu bayani, kowa ya riƙo ɗan abincinsa daga gida. Wannan shi ne yawon buɗe ido, kuma zan fi kowa saurin ba da gudummawata. Walima kuma abu ne daban, bai kamata a haɗa su a tukunya ɗaya ba.

Sai maganar da ta fi hana ni barci. Muna zaune a rumfa sai ga masu kwale-kwale sun matso suna kiran yara, a zagaya da ku naira ɗari biyar. Kafin ka ce me yara sun yi dafifi a bakin ruwa, wasu har sun tattare wando sun shiga zuwa gwiwa. Na duba jirgin nan, babu rigar ruwa ko guda ɗaya, ga robar kwashe ruwa a ciki, alamar yana yoyo kenan. Malamai huɗu ne a kan wannan tarin yaran, kuma a cikinsu ba wanda ya iya iyo, na tambaye su ɗaya bayan ɗaya. Na samu hedimasta na ce ranka ya daɗe, don girman Allah kar a bar yaro ko ɗaya ya hau, in ba haka ba ni yanzu zan kwashi nawa in tafi. Allah ya sa ya saurare ni ya hana, yara suna ta ƙunƙuni, wasu manyan ma suna cewa na cika tsoro.

E ina da tsoro, kuma duk wanda yake Kano a ƙarshen 2021 ya kamata ya kasance da shi. Ranar 30 ga Nuwamba ta shekarar jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari da ke Ɓagwai, ya taso daga ƙauyen Badau, mutum 29 aka tabbatar sun rasu, yawancinsu yara ne 'yan islamiyya da suka yi kwalliya za su taron Maulidi. Lodi ne ya yi wa jirgin yawa. Su ma fa bikin shekara za su, su ma iyayensu sun wanke musu kaya sun ce Allah ya kiyaye hanya. Su dole ce ta sa su hawa ruwa don ita ce hanyarsu, mu kuwa ba abin da ya tilasta mana, mu muka ɗauki yaran da kanmu muka kai su baki. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Allah ya jiƙan waɗannan yara ya ba iyayensu haƙuri. Ko ba a hau jirgi ba ma, ruwan dam da na kanal ba wajen wasan yara ba ne, duk ɗan yankin nan ya san tsargiya, ya san yaran da suke fitsarin jini saboda wanka a ruwan da yake kwance, ƙwayar cutar a jikin ƙananan dodon koɗi take rayuwa ta shiga ta fata. Mai gidan abinci ba zai gaya maka wannan ba, shi abinci yake sayarwa, mu ne iyaye.

Wani zai ce to gwamnati ta hana mana, ai a 2025 jihar Imo ta hana bikin yaye 'yan nazire da 'yan ƙaramar sakandare saboda irin kuɗin da ake ɗora wa iyaye. Ni ban so a kai ga haka a wajenmu. Bikinmu ba shi ne matsalar ba, shi ne ma yake jawo yara makaranta, na san iyayen da suka sa 'ya'yansu mata a boko saboda sun ga 'yar maƙwabta ta tsaya a gaban dagaci tana muhawara ba tsoro. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne, gwamnatin Kano ma a 2024 ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, duk ana ta faman yadda za a jawo ɗan talaka ya zauna a aji. Mu kuma a ƙauye da hannunmu muna ƙirƙiro sabon kuɗin da zai nuna masa cewa akwai 'yan bas akwai 'yan katanga. Yaron da aka bari a baya bana, baɗi ranar bikin ba zai ma zo ba, zai bi babansa gona ko kasuwa, kuma daga ranar biki ake fara ɗauke ƙafa. Wannan gyaran ba sai an jira Kano ba, a zauren dagaci za a iya gama shi.

Kuma kar a ce ina so in kashe wa mai gidan abincin kasuwa. Samarin da suke aiki a wajen 'ya'yanmu ne, masuntan da suke kai masa kifi 'yan uwanmu ne, ina so wajen ya bunƙasa. Tsofaffin ɗalibai in sun zo daga Kano da Abuja, su manya ne da kuɗinsu a aljihu, su je can da yamma bayan an tashi daga biki su ci kifinsu su yi zumunci, ba mai cewa don me. Angwaye su je, ma'aikata su je ranar hutu. Abin da na ce kawai kar a ɗauki sunan makaranta da ranar makaranta a kai inda fiye da rabin makarantar ba za ta iya shiga ba.

Abin da zan kai gaban taron iyaye da malamai mai zuwa shi ne a dawo da girki bayan aji kamar da, a sa mata aƙalla uku a kwamitin, Gwaggo ta karɓi makullinta. Kuɗin da masu hali suka yi niyyar kashewa a hayar bas a tara shi a sayi kifin a kawo makaranta, in dai kifin bakin ruwa ake so yara su ɗanɗana ai kifi yana hawa babur. A ɗauko mai gashin nan na gidan abincin a biya shi ladansa ya zo da wayar gashinsa ya kafa a gindin darbejiya, kowane yaro ya samu yanka, na jikin katanga da na cikin bas da almajirin da ya leƙo. Na riga na yi magana da wani masunci da 'ya'yansa uku suke makarantar, cikin waɗanda ba su je ba bana. Ya ce in an sanar da su da sati biyu za su haɗa kai su tara, za su bar mana a farashin bakin ruwa ba na kasuwa ba, kuma baho ɗaya nasa ne ba zai karɓi ko sisi ba. Abin da ya rage a samu wanda zai ba da aron firji ko a yi odar ƙanƙara daga Kwanar Ɗangora tun jajibere, don kifi ba ya jiran a gama jawabin manyan baƙi.